Neman kalma: IMEI da manhajar da ake rubuta ta da ita

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum. Gobe da safe zan ɗauki shiri a Samaru ta Zariya kan masu gyaran waya, abu biyu sun tsaya mini, ban san yadda zan faɗe su da Hausa ba: IMEI, wato lambobi 15 da ke fitowa in ka danna *#06#, da manhajar da ake sake rubuta su da ita. A taimaka kafin dare.

Mai Gyara a PZ: Wa alaikumus salam. Mu a shago, nan unguwar PZ ta Zariya, "lambar jiki" muke cewa, don kada a ruɗe da lambar layi. Amma Malam, don Allah kada ka ce "manhajar gyaran lamba" ka tsaya nan, aiki biyu ne. Ga Tecno ko itel mai ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek, an yi mata filashin, wato sake ɗora mata manhaja, ba daidai ba, lamba ta goge, sabis ya ɗauke ɗif. Sai in duba kwali, in maido mata da tata ta asali. Wannan gyara ne. Wanda kuwa ya zo ba kwali ba rasit, yana so a ɗora mata wata lamba daban, ɓatar da sawu yake nema.

Tsohon Malamin Hausa: "Lambar jiki" ba ta da armashi. Ku ce "tsagar waya". Kamar tsagar gado, da ita ake gane asali.

Mai Gyara a PZ: Ranka ya daɗe, in na ce wa kwastoma tsagar wayarsa ta lalace, gilashi zai duba.

Tsohon Malamin Hausa: Sai a koya masa! A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mu ne za mu zauna muna cewa "filashin"?

Bakano: To Baba, a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, kowa IMEI yake cewa, kuma ciniki bai tsaya ba.

Tsohon Malamin Hausa: Kasuwa daban, makaranta daban, yaro.

Ɗalibar Kongo (harabar ABU a Zariya): Ku bar Kano da Zazzau tukuna, maganar Yayanmu na PZ ita ce abin ji. A Ingila tun 2002 akwai doka, sauya lambar nan ba izinin kamfani na iya jawo ɗaurin shekara 5. Indiya ma ta haramta a 2017, shekara 3. A nan kuwa da ita 'yan sanda ke bin wayar sata, in sawu ya ƙare a shagonka kai za ka yi bayani. Yaran da ke koyon gyara suna sauraro, dole su ji "maidowa" daban, "sauyawa" daban.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai. Zan ambaci IMEI sau ɗaya, sannan in ci gaba da "lambar jikin waya". Manhajar kuma "manhajar rubuta lambar jiki", in bayyana inda take halal da inda take jefa mutum hannun hukuma.

Tsohon Malamin Hausa: Ta yi tsawo, numfashinka zai ƙare kafin ka kai ƙarshenta. Amma shirinka ne. Ni dai "tsaga" zan ci gaba da cewa.