Tambarin da ke kan takardar kakana, wa ya san ma'anarsa?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Jiya muna gyaran akwatin marigayi kakana sai na ci karo da takardar shaidar aikinsa ta zamanin Turawa, ta yi jawur duk gefenta ya cinye amma tambarin sama yana nan raɗau. Akwai zaki da kambi a kai, ɗaya gefen kuma wani doki mai ƙaho ɗaya an sa mai sarƙa a wuya, a tsakiya garkuwa an raba ta gida huɗu, ga rubutu a ƙasa wanda ba Turanci ba ne. Don Allah wa zai min bayani? Sarƙar nan ce ta fi tsaya min a rai.

Malamin Kawo:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Kaka. Wannan tambarin gidan sarautar Birtaniya ne kuma kowane gida a garkuwar yana wakiltar wata ƙasa, gida na ɗaya da na huɗu zakuna uku-uku na Ingila ne, na biyu jan zaki a miƙe na Sikotilan, na uku kuma abin kiɗa mai tsirkiya na Ailan, Wels kam ba ta ciki. Haka yake tun 1837 da Sarauniya Biktoriya ta hau gado. Rubutun Faransanci ne, Dieu et mon droit, wato Allah da haƙƙina.

Maman Ummi:
Ni dai Malam gani nake da gangan aka ɗaure dokin nan don a nuna an murƙushe mutanen Sikotilan, in ba haka ba me ya sa zakin Ingila ba sarƙa?

Malamin Kawo:
A'a Hajiya, da yawa haka suke zato amma tun kafin a haɗe sarautar dokin da sarƙarsa yake a tambarin su 'yan Sikotilan ɗin, a tatsuniyarsu dabba ce mai kafiya da ba ta kamuwa, to ɗaure ta nuna ƙarfin sarki ne. Kuma ai sarkinsu ne ma, Jemis, ya gaji sarautar Ingila a 1603 ya taho da dokinsa aka ajiye shi gefen zaki. Har yau in a Sikotilan ne sai a musanya musu wuri, dokin ma a sa mai kambi.

Na Unguwar Rimi:
Ku duba namu na Najeriya da kyau za ku ga tsarin iri ɗaya ne, baƙar garkuwa a tsakiya, fararen dawaki biyu sun riƙe ta, jan gaggafa a sama, farin layin nan da ya rabu biyu kuwa haɗuwar Neja da Binuwai ne. Yallaɓai kar ka kai takardar nan a manne ta da roba mai zafi wallahi lalata ta za a yi, ka ɗauki hotonta ka sa ta a ambulan inda damshi ba ya kaiwa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, dama gobe na yi niyyar kai ta shago, na fasa. Malam saura rubutun da ya zagaye garkuwar kamar ɗamara, shi ma Faransanci ne?