Jar ɗamarar da Basine ya aiko wa Alhaji: muhawara kan shekarar damisa

Mai Atamfa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da shi. A watan Janairun 2022 Basinen da nake sarin yadi a wajensa a Keqiao ta ƙasar Sin ya aiko min da kwalin samfur. Ina buɗewa sai ga jar ɗamara da jajayen safa a saman kayan. Na tambaye shi ta manhajar WeChat, ya ce ya ga 1974 a fasfona, shekarar damisa ke nan a kalandarsu, kuma ran 1 ga Fabrairu wata shekarar damisar za ta kama. A wajensu in shekarar dabbarka ta zagayo ba murna ake yi ba, kaffa-kaffa ake yi, ana sa jan kaya don kariya. Ya ce kada in ci babban bashi, kada in fasa gini ko in yi haƙa a kusurwar arewa maso gabas ta gida ko ta shago, kuma in yi hattara da ruwa, don damisar bana ta ruwa ce. Na yi masa godiya na jefa kayan a durowa. Daga ƙarshen Maris aka kulle Shanghai saboda korona, kayana suka maƙale har aka shiga Yuni. A watan Agusta ruwa ya shiga Kantin Kwari. Da idona na ga dilolin shadda na ƙasa sun sha ruwa, muka kwashe kwanaki muna shanya, launin wannan ya zuba a jikin wancan, warin danshi ya ƙi fita, ƙarshe rabin kuɗi na sayar. To ni dai abin da nake cewa, lissafin nan nasu ba camfi ba ne. Mutanen da suka shekara sama da dubu biyu suna rubuta abu suna gwadawa, ba za a ce iska suke bi ba.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ka ji tsoron Allah a kan wannan magana. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wajen ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana arba'in. Kai ba ka je ba, aiko maka aka yi, kuma ba ka ɗaura ba, alhamdu lillahi. Gaskatawar ce nake jiye maka. Da mai bugun ƙasa a zaure da mai lissafin dabbobi a Sin, duk kanwar ja ce.

Mai Atamfa: Malam, ban ce sun san gaibu ba. Manomi ma in ya ga hadari ya haɗo daga gabas yana cewa za a yi ruwa, ba a kira shi boka ba. Cewa na yi ƙila sun lura da wani zagaye da duniya take yi.

Ɗalibar Wuhan: Baba Alhaji, ka ba ni dama in warware yadda lissafin yake, shekara biyar na yi a cikinsu. Dabbobi goma sha biyu ne: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan mai siffar maciji da suke kira long, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Damisar tasu ma ba irin tamu mai roɗi-roɗi ba ce, mai ratsi-ratsin nan ce ta Asiya. Sai a haɗa su da abubuwa biyar, itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa, ya ba da zagayen shekara 60. Shi ya sa damisar ruwa ta zo a 1962, ta dawo a 2022. Maganar kusurwa kuma daga Tai Sui take, wani abin bauta da suke cewa shi ke riƙe da shekara, kowace shekara yana zaune a wata fuska, a shekarar damisa arewa maso gabas. Asalinsa daga tauraron Mushtari ne, wanda yake zagaye rana cikin kusan shekara goma sha biyu. To zagayen tauraron gaskiya ne, kalandar ma gaskiya ce. Inda igiyar ta tsinke shi ne tsallen da ake yi daga kalanda zuwa rabon mutum. Hadarin manomi shi ne yake zubo ruwan. Mene ne a jikin 1974 da zai jawo ruwa cikin shago?

Kuma ko su ba su daidaita ba. Jama'a suna fara shekara ranar bikin sabon wata, masu duba da yawa kuma sai ranar shigar bazara, wajen 4 ga Fabrairu. Jaririn da aka haifa ran 2 ga Fabrairun 2022, wani zai ce damisa ne, wani ya ce sa ne. A Biyetnam babu zomo a jerin, kyanwa ce a gurbinsa.

Ɗan Maraɗi: Ƙanwata, na ji ki, amma ki duba tarihi. 1914 shekarar damisa, yaƙin duniya na ɗaya. 1950 yaƙin Koriya. 1962 Sin da Indiya suka gwabza. 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe. 1998 kogin Yangtze ya yi ambaliya. 2022 ko wata guda ba a yi ba Rasha ta afka wa Yukiren. Duk dace ne?

Ɗalibar Wuhan: Yaya, ba ni kowace dabba in jero maka irin wannan. 1939 da aka fara yaƙin duniya na biyu shekarar zomo ce, zomon da suke cewa alamar zaman lafiya ne. Girgizar ƙasar Tangshan ta 1976 a Sin, wadda ta kashe sama da mutum 240,000, a shekarar long ta faru, dabbar da suka fi ɗauka da sa'a. Girgizar Sichuan ta 2008 shekarar ɓera. Babu shekarar da duniya ta taɓa kwana lafiya gaba ɗaya.

Injiniya: Ni ina so a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Duban shekara daban, feng shui, wato tsarinsu na zaɓen wuri da fuskar gini, daban. Ma'anar kalmar iska da ruwa, kuma tushenta akwai hankali a ciki. Suna cewa gida ya ba tudu baya, ya fuskanci kudu, ruwa yana gabansa. A arewacin Sin sanyin hunturu daga arewa yake kaɗowa, rana kuma ta kudu take bi, don haka wanda ya bi wannan ya samu ɗumi da haske, kuma yana kan gangare, ruwa ba zai kwanta masa ba. Tsohuwar fadar sarakuna ta Beijing kudu ta kalla, har tudu aka tara mata da hannu a bayanta, Jingshan. Magina na gargajiya a nan ma sun san ba a buɗe ƙofa ga ruwan da yake bugowa daga gabas. Wannan ɓangaren ni ina girmama shi.

Malamin Islamiyya: Injiniya, in haka ne me ya sa za ka kira shi da sunansu? Ka ce lura da iska da rana kawai. Sunan yana jawo sauran kayan.

Injiniya: Don su suka tsara nasu suka rubuta, Malam, haƙƙinsu ne a faɗa. Amma na yarda an yi masa lodi. Rana ba ta sauya hanya don shekara ta sauya. In wani ya ce min bana kusurwar nan ce mai haɗari, baɗi kuma waccan, a sa tulun ƙarfe da ruwan gishiri a nan, a rataya tsabar kuɗi shida a can, to ya bar gini ya shiga kasuwanci. A Hong Kong abin ya zama babbar sana'a. Benen Bank of China da I. M. Pei ya zana ya sha suka wai gefunansa kamar wuƙa suke suna saran maƙwabta. Kuma a garin ne aka ɗaure wani mai feng shui, Tony Chan, shekara 12 a 2013, saboda ƙirƙirar wasiyyar attajira Nina Wang don ya gaje dukiyarta.

Mai Atamfa: To ai ka kawo hujjata da bakinka. Hong Kong matsiyata ne? Masu bankuna da manyan benaye ba za su zuba kuɗi a abin banza ba.

Ungozoma: Alhaji, sannu da asara. Ni ta nan abin yake taɓa ni, ta wajen haihuwa, don aikina ke nan. Abin yana aiki, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Ana camfa cewa yarinyar da aka haifa a shekarar damisa za ta yi taurin kai, ba za ta zaunu a gidan miji ba. A Taiwan har yau akwai gidajen da ba sa barin ɗan shekarar damisa ya shiga ɗakin amarya ko ya leƙa jariri sabon haihuwa. Sai ma'aurata su ɗage haihuwa. A Taiwan an haifi kusan jarirai 191,000 a 2009, a 2010 shekarar damisa suka sauko kusan 167,000, a 2012 shekarar long suka haura kusan 229,000. Singafo ma haka aka gani a waɗannan shekarun. Japan ta fi kowa: a 1966, shekarar dokin wuta, da aka camfa cewa matan shekarar suna halaka mazajensu, haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba tauraro ne ya hana cikin ba, tsoro ne. Ku yi tunanin yarinyar da ta tashi tana jin kakarta tana cewa ita damisa ce, kada ta matso kusa da jaririn yayarta. Me ta yi? Wannan ne ya sa ba na iya ɗaukar abin da wasa. Masu bankin Hong Kong kuma sun san in masu haya suka yarda bene yana da rashin sa'a ba za su shiga ba, dole su biya mai duba ko da su kansu ba su yarda ba.

Ɗalibar Wuhan: Anti ta taɓo inda nake so. Wasu masana tattalin arziki biyu, Naci Mocan da Han Yu, sun bincika dalilin da ya sa 'ya'yan shekarar long suke ɗan fin sauran a karatu a Sin. Abin da suka gano, iyayen ne suke sa musu rai fiye da kima, suna kashe musu kuɗi da lokaci. Da aka cire tasirin wannan, fifikon ya ɓace.

Sannan Baba, maganar cewa sun shekara dubu biyu suna gwadawa: tun kusan shekara dubu biyun nan wani malaminsu na zamanin daular Han, Wang Chong, ya yi musu. Ya ce in ɓera na ruwa ne, doki na wuta, ruwa kuma yana cin wuta, me ya hana ɓera ya kori doki? Ya kuma soki tsoron Tai Sui ɗin nan kai tsaye. Yawancin abokan karatuna jar safar suna sawa ne don kada ran mahaifiyarsu ya ɓaci.

Ina da tambaya biyu, ka yi haƙuri. Maƙwabtanka na layi da ruwan ya shiga shagunansu, duk 'yan 1974 ne? Kuma wace rana ce a fasfon naka?

Mai Atamfa: Maƙwabta kam akwai yaro ɗan shekara ashirin da biyar, akwai dattijon da ya haife ni, duk mun sha. Fasfo 1 ga Janairu 1974 aka rubuta. Ba ni da takardar haihuwa, ƙiyasi aka yi.

Ɗalibar Wuhan: Damisar 1974 sai ran 23 ga Janairu ta kama. Ko da ranar fasfon gaskiya ce, a lissafinsu kai ɗan shekarar sa ne.

Mai Atamfa: Ikon Allah. Hajiyarmu kullum cewa take da damina ta haife ni, shekarar da aka canja kuɗi aka bar fam da sule.

Ɗan Maraɗi: Naira ai 1973 ta fito. Daminar 1973 kuwa sa ce ita ma.

Mai Atamfa: To na ji wannan, ba ni da ta cewa a kai. Amma har yanzu kalmar ruwan nan tana tsaya min a rai. Bai ce wuta ba, bai ce ɓarayi ba.

Ungozoma: Alhaji, duk wanda ya aika wa saƙo a shekarar ruwa ya ce masa, don sunan shekarar ke nan. Wanda bai ga ruwa ba ya manta da saƙon, kai da ka gani ka riƙe. Bashi da haƙa da ya hana ka fa, akwai abin da ya faru ta nan?

Mai Atamfa: Bashi na ci, na kuma biya lafiya. Haƙa ban yi ba.

Malamin Islamiyya: Mutumin nan da alheri ya nufe ka bisa abin da ya sani, kada ka ɓata da shi. Ka riƙe cinikinku, ka bar masa lissafinsa. Ka yi istigfari a kan abin da ya ɗarsu a zuciyarka, Allah Mai gafara ne.

Injiniya: Alhaji, kafin damina ka sa a ɗaga maka daɓen sito ko da bulo biyu ne, a jera katako a ƙasa, dila ta daina taɓa siminti. Ku haɗa kuɗi da 'yan layinku a yashe kwatar bayan shagunan tun watan Mayu. In ka shirya ka kira ni in zo in auna gangaren ƙofar.

Mai Atamfa: Astagfirullah. Na gode muku duka. Injiniya, Asabar bayan la'asar ina shago. Safar zan ba yaron shagona, sanyi yake ji da hunturu. Ɗamarar kuma, Malam, in mayar masa ko in bar ta a durowar?