Ƙwari sun faɗa wa murjanina, ina neman shawara

Laminu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako a kan akwatina na gilashi da nake kiwon kifi da murjani a ruwan gishiri, mai cin lita 200. Tun da na saka wani dutse da aka kawo mini daga Legas ta Kano, abubuwa suka rikice. Wasu halittu ruwan ƙasa masu dogayen gashi suna leƙowa daga ramukan dutsen, da ka kai hannu sai su shige, murjanin da ke kusa da su kuwa ya daina buɗewa. Ga kuma wasu ɗige-ɗige masu launin tsatsa a kan yashi da jikin gilashi, sun fi taruwa inda haske ya fi ƙarfi. Sannan akurofora ɗaya, wato murjanin nan mai tauri da rassa, ta fara fari daga gindi. Ta ina zan fara?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam Laminu. Matsala uku gare ka, kowacce da maganinta, kada ka haɗa su rana ɗaya. Masu gashin nan aiftasiya ce, wata halittar teku mai laushi dangin murjani. Harbi take yi, shi ya sa murjanin ya rufe. Don Allah kada ka kankare ta da wuƙa ko buroshi, domin duk ɗan guntun da ya tsira sabuwa zai zama, gobe ka tarar ta cika akwati. Ka dama garin kalkwasa, wato farin garin sinadarin kalsiyam da ake sa wa akwatin murjani, da ruwa kaɗan ya yi kauri, ka zuba a sirinji marar allura, ka kashe famfunan akwatin ruwa ya tsaya cik. Ka kai bakin sirinjin a hankali har tsakiyarta, ka matsa kaɗan, ita da kanta za ta rufe a kai. Sai ka ƙara lulluɓe bakin ramin. Bayan kamar minti 20 ka tada famfo. Biyar ko shida a rana sun isa, saboda kalkwasa tana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. In ka samu Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, aikinsu kusan ɗaya ne.

Sale mai tarwaɗa: Malam, mu a tafkin tarwaɗa akwai shuɗin maganin nan da ake zubawa ya kashe ƙwari gaba ɗaya. Ba zai yi a nan ba? Ina da saura, in yana so in aiko yaro da shi.

Likita Mariyama: Sale, Allah ya saka da alheri, amma kada ko ɗigo ya shiga akwatin Laminu. Wani shuɗin maganin akwai jan ƙarfe a cikinsa. Kifi yana iya jure shi a kan ƙa'ida, murjani da jatan lande da dodon koɗi kuwa mutuwa suke yi. Dutse da yashi kuma suna shanye shi, su riƙa sako shi sannu a hankali, ko an canza ruwa ba a rabu da shi ba. Haka fiya-fiya da duk wani maganin feshin gona. Ko na sauro ne, kada a fesa a ɗakin da akwatin yake.

Sale mai tarwaɗa: To madalla, na ƙaru Likita.

Hajiya Balki: Ni da ruwan lemun tsami nake kashe aiftasiya, tunda shi ba ya yankewa a kasuwa. A tace shi sosai, a sa allura siririya a soke ta a gindi kafin ta shige. Yana son saurin hannu, kuma kaɗan-kaɗan ake yi don kada ruwan ya yi tsami. Amma Laminu, in sabon dutsen ne ya fi yawansu kuma babu murjani a jikinsa, me ya sa za ka wahalar da kanka? Fitar da shi ka shanya a rana. Ranar Maradi ba za ta bar komai da rai ba. Sai dai kafin ya koma, ka jiƙa shi a bokiti daban cikin ruwan gishiri, kana canza ruwan har warin ya ɗauke, domin matattun abubuwan cikinsa amoniya suke saki, sinadari mai guba ga kifi.

Likita Mariyama: Na yarda da Hajiya, amma akwai gargaɗi, kuma shi ne ya fi damuna a duk maganar nan. Kada wanda ya tafasa dutsen akwati, ko ya zuba masa ruwan zafi, ko ya goge shi da injin. Wasu murjanai masu laushi, wato falitowa da danginsu zowantus, suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani. Tururinsa kaɗai ya sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka, da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Ƙwaya ɗaya maƙale a bayan dutse, wadda ido bai gani ba, ta isa. A sa safar hannu da tabarau, kada mai ciwo a hannu ya taɓa, a shanya inda yara da awaki ba sa kaiwa. Wanda ya ji ɗaci-ɗacin ƙarfe a baki ko ƙirjinsa ya ɗaure bayan aikin, ya tafi asibiti nan take, ya faɗa musu abin da ya taɓa.

Nasiru: Yaya Laminu, akwai kuma masu cin aiftasiya. Jatan landen nan mai jajayen layuka, lismata, yana cin ƙananan. Akwai bargiya, wani dodon koɗi marar ƙoƙo, da kifin kelmon mai dogon baki.

Alhaji Garba: Ƙanena, gaskiya ne suna ci, amma ka duba inda muke. Daga bakin teku zuwa nan, a leda, cikin wanga zafi, ƙaramar halitta ba kowace ke isowa da rai ba. Bargiya ba ta cin komai sai aiftasiya, ranar da ta cinye yunwa ce za ta kashe ta, sai in akwai wanda za a miƙa wa. Kelmon yana da wuyar sabawa da abinci, kuma lita 200 ta yi masa kaɗan, ban ba da shawararsa ba ko kusa. Jatan landen ne kawai zan ce a gwada, shi ma a kula: masu sayarwa suna rikita shi da wani mai ƙusumbi a baya, ja da fari, wanda ba ruwansa da aiftasiya, murjani mai laushi yake tsinka. A sa a turo hoto kafin a biya. Kuma in jatan landen ya ƙoshi da abincin kifi, ba zai kula ta ba.

Laminu: Na gode ƙwarai. To jajayen ɗige-ɗigen nan fa? Yau sun fi jiya.

Malam Isufu: Tsutsotsi ne masu faɗi, ana ce musu falanariya. Ba cin murjani suke yi ba, hawa kansa suke yi su tare masa haske. Haɗarinsu yana wajen mutuwarsu, domin in suka mutu da yawa lokaci guda suna sakin dafin da ke kashe kifi. Saboda haka kwana uku ko huɗu ka fara zuƙe su da siririn tiyo, ka rage su iya iyawarka. Sannan ka tanadi sabon ruwa kamar rubu'in akwatin, da gawayin tace ruwa, kafin ka zuba Flatworm eXit na Salifert bisa umarnin da ke jikin kwalin. Da sun fara sakin jiki suna yawo, ci gaba da zuƙewa, ka sa gawayi, ka canza ruwa. Kada ka yi shi ranar da ba ka da tabbacin wuta. In babu sola ko batiri da zai riƙe famfo, a dakata.

Hajiya Balki: Ni akuroforar ce ban gamsu ba. Laminu, digiri nawa ruwanka yake kaiwa da azahar? Mu nan sau da yawa laifin zafi ne ake ɗora wa ƙwari.

Laminu: Yana taɓa 29 Hajiya. Amma na haska gindinta da tocila, na ga wasu ƙananan ƙwayoyi ruwan ƙasa a jere, da tabo zagaye-zagaye a jikin rassan.

Malam Isufu: To, waɗannan ƙwai ne. Farin da zafi ke jawowa kodewa ce ta jiki duka, naman yana nan. Tabo zagaye da ƙwai a gindi kuwa aikin wata tsutsa ce mai cin akurofora, launinta ya saje da na murjanin, shi ya sa ba ka ganinta. Ciro murjanin ka sa a farin kwano da ruwan akwatin, ka zuba maganin tsomawa irin Coral Rx ko Revive, ka riƙa hura masa ruwa da sirinji na minti 5 zuwa 10, za ka ga suna faɗowa. Ka ɗauraye a wani kwanon, ruwan maganin kada ya koma akwati. Abin da mutane ba sa kula da shi: maganin ba ya kashe ƙwai. Ka yanke gindin ka yar, ka manna lafiyayyen reshen a sabon mazauni, ka ware duk akurofora a ƙaramin akwati daban, kana tsoma su mako-mako har mako shida. Babban akwatin in ya zauna babu akurofora tsawon wannan lokaci, na cikinsa yunwa za ta gama da su.

Alhaji Garba: Wanga ƙaramin akwatin kuma kada ka kwashe shi bayan an gama. Duk abin da ya iso daga Legas ko Kwatano ya fara zama a ciki wata guda, a tsoma shi, a duba shi da dare da tocila, sannan ya shiga babba. Zafin ma ka yi maganinsa, murjani ya fi son 25 zuwa 26. Ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, ka rage awannin fitila da rana, in ya yi tsanani ka sa gorar ƙanƙara a rufe. Fanka tana ƙafar da ruwa, gishiri kuwa ba ya tafiya, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025.

Laminu: Allah ya saka da alheri. Yau zan fitar da dutsen in ware akurofora, gobe in fara zuƙe jajayen. Kalkwasa ce ba ni da ita.

Malam Isufu: Ina da ita. Ranar Juma'a bayan la'asar in sha Allah zan biyo da ita da ma'aunin gishirina, mu gwada naka da nawa. Ka tanadi bokiti biyu masu tsabta waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba.