Wai a ina ake samun sharhin sabon fim na gaskiya, kuma wane kofin fim ɗin ake yi wa sharhin?

Ɗan_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni guda biyu amma a haɗe suke, waɗanda suka daɗe a harkar kallo su taimaka min. Ta farko, wai yanzu in sabon fim ya fito, na sinima ne ko mai dogon zango, a ina mutum zai karanta sharhi na tsakani da Allah kafin ya kashe kuɗinsa ko datarsa? Don ni duk shafin da na leƙa a Facebook ko Instagram abu ɗaya ne, a saka fosta a rubuta wai fim ya girgiza Arewa, ba a taɓa yin irinsa ba, alhali mai rubutun ko tirela bai gama kallo ba, in kuma ka gangara wajen kwament sai ka tarar yaran wannan jarumin da yaran wancan suna ta zage-zage, ba wanda ya ce uffan a kan labarin.

Ta biyu, ni ina so na fara rubuta sharhin da kaina duk sati, to amma na lura fim ɗaya sai ka same shi kala uku, wanda aka haska a sinima daban, wanda aka ɗora a YouTube bayan watanni an raba shi gida biyu ko uku an cusa talla daban, ga kuma wanda ake turawa a waya a shagon 'yan dawunlodin wanda an matse shi, wato an rage masa nauyi, har fuskar mutum ba ta fita sosai. To wanne ne fim ɗin a ciki? Wanne zan yi wa hukunci?

Tsohon_Mai_Kaset:

Wa alaikumus salam. Yaro ka tambayi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni na yi sana'ar kaset tun ana kawo kaya daga kasuwannin Bata da Ƙofar Wambai na Kano, kuma bari na faɗa maka wannan matsalar ta kofi kala-kala ba yau ta fara ba, tun zamanin kaset take. Yadda ake yi a da, furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake bugawa, wato bangon nan mai hoton 'yan wasa, sai ɗan kasuwa ya sayi kwalin a ba shi masta, wato kaset ɗin asali, ya je ya gurza a kan kaset ɗin da ya sayo da kansa, to ka ga ingancin abin da zai je gidanka ya danganta da wane ne ya gurza da kuma irin injin da ya yi amfani da shi, wani kaset ɗin ka saka hoto tangaran, wani kuma na fim ɗin dai amma hoto na rawa sauti na shaƙewa sai ka yi ta murɗa tirakin kana goge kan bidiyo. Mai saye kuma furodusa zai zaga, bai san laifin mai gurzawa ba ne. Da CD ya shigo aka ce an huta, ashe shi ne ya buɗe wa masu satar fasaha ƙofa, fim ya fito da safe kafin la'asar yara na yawo da shi a baro a bakin titi cikin leda, ba kwali ba komai.

Maganar sharhi kuwa, a da akwai shi fa. Tun bayan fim ɗin Turmin Danya a 1990 da harkar ta fara kankama, ba a jima ba mujallu suka biyo baya, akwai Tauraruwa wadda a cikinta ma sunan Kannywood ya fara fitowa, sannan mujallar Fim ta Malam Ibrahim Sheme ta fara a 1999, mutane na saye su karanta su rubuto wasiƙa a buga, wani daga Gusau wani daga Yamai wani daga Kumasi, a yi ta muhawara a kan ko waƙa ta yi yawa ko ƙarshen labari bai yi ma'ana ba. Ban ce duk abin da ake rubutawa a lokacin gaskiya ne zalla ba, akwai gulma akwai son kai, amma dai mai rubutun ya kalli fim ɗin kafin ya ɗau biro, yanzu kuwa wannan ɗin ma an rasa.

Shawarata, duk sharhin da za ka yi ka fara da faɗin inda ka kalla. Layi ɗaya ne ba zai ci maka komai ba.

Maman_Ikram:

Baba ya gama magana wlh. Ni dai a matsayina na mai kallo a gida, don gsky sinima ba ta cikin lissafina da yara huɗu, abin da nake so mai sharhi ya faɗa min ba wani dogon turanci ba ne, ka ce min labarin na tafiya ko an tsaya jan rai, zan iya kallo da yarana a falo ko sai sun yi barci, sannan ana jin magana kuwa? Don wannan abu na sauti ya ishe ni, mutum biyu na magana a ɗaki sai ka ƙure murya sannan ka ji, kana cikin haka kiɗa ya shigo kamar zai fasa sifika har jariri ya farka.

Kuma ƙanena in za ka yi na masu dogon zango dan Allah kar ka yi sharhi a kan fitowa ta ɗaya ka ce ya yi kyau, kowa na zuba ƙarfinsa a ta ɗaya da ta biyu, ka bari a kai ta bakwai ko ta takwas lokacin da kuɗi ya fara ƙarewa, a nan za ka ga an ɗau mota tana fita daga get, tana hawa titi, tana shan kwana, tana shiga wani get ɗin, a buɗe ƙofa a fito a yi sallama a gaisa a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, minti goma sun tafi ba a ce komai ba, ga maimaicin abin da ya faru wancan satin a farko, ga tallar maganin mata da na basir da na filaye a tsakiya har sau nawa, in ka cire duk wannan abin da ya rage na labari bai fi rabi ba. Wannan shi nake so wani ya zauna da agogo ya lissafa ya rubuta. Sannan kar ka ba mu ƙarshen labari, akwai masu sharhi a TikTok da ba abin da suka iya sai su zayyane maka fim daga farko har wanda ya mutu, wannan ba sharhi ba ne ɓata wa mutane kallo ne.

Mai_Tace_Hoto:

Hajiya kin taɓo mu, amma ba zan musa ba. Ni aikina kenan editin, bari na yi wa mai tambaya bayanin abin da ya sa yake ganin kala uku. Wanda muke fitarwa daga kwamfuta na asali babban fayil ne mai nauyi, shi ake kai wa sinima ko gidan talabijin. In an ɗora a YouTube su da kansu suke sake matse shi, kuma yawancin mutane saboda tsadar data a ƙaramin ingancin hoto na 240 ko 360 suke kallo ba a 1080 ba, to duk wani sin da aka ɗauka da dare ko a ɗaki mai duhu shi ne farkon lalacewa, baƙin ya dinga fashewa gida-gida. Daga nan mai shagon turi ya sauke wannan ɗin da aka riga aka matse, ya ƙara matse shi don ya shiga memori da yawa, wani ma har ya manna sunan shagonsa da lambarsa a kan hoton. Saboda haka in ka kalli na shago ka rubuta cewa mai ɗaukar hoto bai iya haske ba ka zalunce shi. Amma labari da wasan 'yan wasa da tsarin magana, waɗannan ko a wace waya ka kalla suna nan yadda suke, ba wanda zai fake da matsi.

Sauti kuma kashi biyu ne. In ka ji gaba ɗaya ya dusashe to matsi ne. In kuwa ka ji murya na hawa da sauka tsakanin mutum biyu a sin ɗaya, ko ƙarar janareta na shigowa in an juyo kan wannan ta ɗauke in an koma kan wancan, to wannan daga lokeshin ne, laifinmu ne, ka rubuta kanka tsaye.

Wani abin kuma da ke kawo bambanci shi ne yanka. Hukumar tace finafinai ta Kano tun 2001 take, kuma takan ce a cire wani wuri ko a gyara kafin ta ba da shaida, gidan talabijin ma na da nasa lokacin da dole ka shiga cikinsa, sai kuma furodusa ya zo ɗorawa a intanet ya ce a mayar da duk abin da aka zubar don ya yi tsawo ya rabu gida uku. Na sha zama na rage fim ya tsaya cif yana gudu, bayan wata shida a kira ni a ce na dawo da sina-sinan da ni da darakta muka yarda ba su da amfani. To ka ga wanda ya yaba shi a sinima da wanda ya ce ya gundure shi a waya duk gaskiya suka faɗa.

Abu na ƙarshe ɗan uwa, ka shirya, a masana'antar nan in ka ce aikin mutum da gyara to kai maƙiyi ne an turo ka, za a kira ka a waya a ce wane ne ya saka ka. Kuma ranar da aka fara gayyatarka kallon farko a ba ka kujerar gaba da ɗan na mai a ambulan, daga ranar alƙalaminka ya fara laushi ko ka sani ko ba ka sani ba. Ka sayi tikitinka da kuɗinka.

Na_Maraɗi:

Salamu alaikum, mu nan wajenmu ai wanga zance na sinima sai dai mu ji labari, abin da anka turo muna a waya shi ne fim. Kenan in mai sharhi ya ce na sinima kaɗai zai duba to ya bar mu baya, mu da ƴan ƙauye da matan aure, kuma mu ne mafi yawan masu kallon. Ni ina ganin ka yi sharhi biyu, guda in ya fito, guda kuma gajere in ya iso hannun jama'a, ka ce ga abin da anka ƙara ga abin da anka rage. Kuma ku riƙa faɗin ko Hausar da anka yi a ciki ta fita, don wasu na yanzu rabin maganar Ingilishi ne, mu da munka yi lakkwal da Faransanci sai mu bi su da ido.

Ɗalibar_BUK:

Ina goyon bayan na Maraɗi, sharhi biyun shi ne daidai, a wasu ƙasashen ma haka ake yi, in fim ya fito a faifai ana sake duba shi a kan ingancin hoto da sauti da abin da aka ƙara a ciki. Mu namu faifan ya mutu bai bar magaji ba shi ya sa abin ya zama baƙo. Ni abin da ya fi damuna ma tsofaffin ne. Ku duba Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekara da shekaru ana ɗauka ya ɓata sai da aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus aka haska a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan an yi sa'a a kan zaren fim na sinima aka ɗauke shi, yana jure ajiya in bai samu zafi da laima ba. To namu na kaset fa? Je ka nemi Sangaya ko Wasila yanzu, abin da za ka samu kofin kofin kofi ne da wani ya ɗora, hoto ya wanke, gefe ya yanke, wani wurin ma an tsallake. In mai sharhi zai dinga rubuta cewa wannan kofin da ke yawo bai cika ba, ko ga inda mai kyau yake, wlh ya yi aikin da za a gode masa.

Sannan a saka fassarar Turancin da ake rubutawa a ƙasa cikin abin dubawa. Tunda har Najeriya ta tura fim ɗin Mai Martaba gasar Oscar a 2024, kafin shi ma The Milkmaid wanda yawancinsa da Hausa ne, to waɗanda ba sa jin Hausa na kallonmu, kuma da wannan rubutun na ƙasa suke mana hukunci.

Ɗan_Gwammaja:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da mai dogon zango ɗaya da nake bi, zan riƙe agogo kamar yadda Hajiya ta ce. Baba Mai Kaset dan Allah wai mastocin nan na da suna hannun wa yanzu, 'yan kasuwa ko furodusoshi?

Tsohon_Mai_Kaset:

A warwatse suke yaro. Wasu na gidajen furodusoshin a cikin kwali a ƙarƙashin gado, wasu sun tafi da shagunan da aka tashi, wasu kuma an gurza wani fim ɗin a kansu lokacin da kaset ya yi tsada. Ni kaina akwai buhu biyu a ɗakin ajiyata, ba masta ba ne amma gurzar farko ce da kwalinsu, matsalar bidiyon da zai karanta su ne babu, nawa bel ɗinsa ya tsinke kuma mai gyaran da na sani ya koma gyaran waya. In Mai_Tace_Hoto na da na'urar da ke juya kaset zuwa kwamfuta ya yi min magana ta inbos, sai dai a fara shanya su a inuwa tukuna don wasu sun fara furfura.