An taya M5 miliyan 75: riba ce ko asara?

Mai M5: Assalamu alaikum 'yan uwa. A ƙarshen 2021 na sayi BMW M5 ƙirar 2018, mai injin V8 da ƙarfin doki 600. Daga Amurka aka kawo ta, kuma bayan na biya kuɗin jirgi da kuɗin fito ta tsaya mini a kan naira miliyan 60. Wata uku ke nan da na sa ta a kasuwa, mafi tsokar tayin da aka yi mata shi ne miliyan 75, shi ma wanda ya taya bai sake dawowa ba. Abin da nake so a gane shi ne darajar waɗannan motoci masu gudu na alfarma tana zubewa fiye da ta yawancin motoci, kuma dillalan da suke zuga mutum ranar saye su ne suke fara kushe ta ranar sayarwa. Ban taɓa tafka asara irin wannan ba.

Dillali: Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, da bakinka ka ce ka saya miliyan 60 an taya miliyan 75, bayan ka hau ta shekara da shekaru. A wace kasuwa ake kiran wannan asara? Mu a sana'armu, duk wanda uwar kuɗinsa ta dawo har da ƙari, riba ya ci.

Ɗan Canji: Malam Dillali, kai ma ka san ba haka lissafin yake ba. A ƙarshen 2021 dala tana kusan naira 570 a kasuwar bayan fage, wato Alhaji ya zuba fiye da dala dubu 100 a motar nan. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yunin 2023 ta yi ta faɗuwa, har dala ta haura 1,500 a 2024, saboda haka miliyan 75 ɗin da kake yi masa murna a kanta ba ta wuce dala dubu 50 ba a wancan farashi. Rabin dukiyarsa ya tafi, kuma ko yau aka ba shi kuɗin ba zai iya shigo da irin motar da ya shigo da ita a wancan lokaci ba.

Malamin Lissafi: Ina ganin dukkanku kun yi wa kalmar mummunar fahimta. Asara ita ce abin da ya salwanta ba tare da mai shi ya amfana ba, kamar gobara ko sata. Wanda ya hau mota shekaru yana jin daɗinta, abin da ya ragu a farashinta kuɗin hawa ne ya biya, kamar yadda ɗan haya ba ya cewa ya yi asarar kuɗin haya.

Ɗan Canji: To Malam, idan haka ne babu wanda ya taɓa faɗuwa a duniya, tunda kowa zai ce ya ji daɗi kafin kuɗin su ƙare.

Malamin Lissafi: Ban ce faɗuwa ba, asara na ce. Faɗuwa ta ɗan kasuwa ce, kuma Alhaji bai ce don kasuwanci ya saya ba.

Masoyin Marsandi: Ni a wurina asarar tun ranar da ya zaɓi BMW ya yi ta. Da Marsandi G63 ya saya da yanzu mutane suna layi a ƙofar gidansa, domin a lokacin da aka yi ƙarancin sababbin motoci a 2021 da 2022, a Amurka har fiye da farashin kamfani ake biya don a same ta. Kuma motar da aka sayar a gwanjo a kan yuro miliyan 135 a 2022 Marsandi ce, 300 SLR ta 1955.

Mai M5: Yaya, guda biyu kacal aka ƙera irin wannan mota, kuma ba ta taɓa shiga ramukan titunanmu ba. Me ya haɗa ta da maganata? Ka gaya mana nawa ka saki taka Marsandi E63 ɗin da ta shekara a gareji.

Masoyin Marsandi: Wannan maganar cikin gida ce, bai kamata ka kawo ta nan ba.

Tsohon Bakanike: 'Ya'yana, ku bar musun asara ku saurari dalilin da ya sa ake gudun motocin nan. Mai kuɗin da zai iya riƙe M5 sabuwa yake so, wanda kuma yake iya sayen tsohuwa ba zai iya ciyar da ita ba, shi ya sa masu taya ta ba su da yawa. Injin mai turbo biyu yana son mai mai kyau da baƙin mai na musamman, tayoyinta da birkinta sai an yi oda da dala, ga ta a ƙasa-ƙasa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya fara tambayar abin da mota take sha kafin ya tambayi gudunta. Na ga yadda M5 mai injin V10 ta 2005 ta tsufa a hannun mutane, ana ba da ita da arha ana gudu. Ita kuwa Land Cruiser ko Lexus LX 570, kowane gari akwai wanda ya san gyaranta.

Dillali: Baba, da girmanka, ai ku makanikai ne kuke kashe wa motocin nan kasuwa. Mota mai aiki da kwamfuta sai ku sa mata guduma, idan ta lalace ku ce ƙirar Jamus ba ta da ƙarko.

Tsohon Bakanike: Yaro, na fara kwance inji kafin a haife ka. Ku da kuke mayar da lambar tafiyar mota baya kafin ku kai ta kasuwa, sannan ku karɓi la'ada a hannun mai saye da mai sayarwa, ba ku ne za ku koya mini gaskiya ba.

Hajiya: Ni kalmar ce ma ta dame ni. Mutumin da Allah ya hore masa motar miliyan 60 a wannan zamani da abinci yake gagarar mutane, bai dace ya zo yana kiran asara ba. Alhaji, ka gode wa Allah.

Mai M5: Hajiya, na gode masa, amma godiya ba ta hana lissafi. Har yanzu babu wanda ya amsa abin da na ce a kan dillalai.

Dillali: An amsa, Alhaji. Idan ka sallama a miliyan 70 ina da mai saye.

Mai kula da zaure: Za mu rufe nan saboda magana ta fara taɓa mutunci. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda Alhaji ya yi asara, kuma dalilinta shi ne barin Toyota da ya yi ya tafi ga motar Jamus, kamar yadda Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Maganar dala da ta ma'anar kalma duk kewaye ne. Ni kaina Land Cruiser ɗina ta 2016 jiya ma an taya ta, ban sayar ba. Zancen dillalai kuma babu wanda ya kawo hujja, don haka an bar shi.