Kayan bikin yaye na masu jiki: abin da jama'a sunka ce

Na tattaro ma Hajiya da za ta Ingila yayen ɗiyarta.

1. Kusan kowa ya ce a ɗinka tun nan Sakkwato. A sayi shadda ko leshi a babbar kasuwa, a kai ma tela da wuri, a gwada kafin tahiya don a samu gyara.

2. Masu saye can su auna ƙirji da ƙugu da tef, kar a dogara da lamba, 16 na Amurka shi ne 20 na Ingila, wallahi nan mutane ka shan wahala.

3. Inda anka rabu: wasu na ganin kwat ta fi dacewa da Alhaji, wasu sun ce babbar riga ba ta da laifi. Ni dai ina bayan babbar riga, a dai sa rigar sanyi daga ciki.