Neman shawara: ina kwaikwayon SP0256-AL2 a kwamfuta, muryar ta ƙi fita daidai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta manhaja da harshen C da za ta kwaikwayi SP0256-AL2, aisin (IC) magana na kamfanin General Instrument da aka sa a Currah MicroSpeech na kwamfutar ZX Spectrum a 1983. Yana da gutsattsarin sautin Ingilishi 59 da shiru iri 5. Na samu kowane gutsure an naɗe shi daban, sai manhajata ta jera su. Kalma tana fita, amma duk inda biyu suka haɗu sai na ji ƙas, kuma muryar ba ta yi kama da wadda nake ji a bidiyon tsofaffin na'urorin ba. In ci gaba da gyaran wannan hanyar, ko in rushe in soma daga tushe?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Yaro, kafin ka rushe komai duba abu biyu. Aisin nan da kiristal mai 3.12 MHz yake aiki, sauti 10,000 yake fitarwa a daƙiƙa. In kana tura shi kai tsaye ga katin sauti mai 44,100 a daƙiƙa, dole murya ta tsuke ta yi gudu. Sannan a kan allon da aka dasa aisin, bayan ƙafarsa da sauti ke fita akwai resista da kafasita a matsayin matata da ke yanke duk abin da ya haura wajen 5 kHz kafin ya kai lasifika. Ba ka sa kwatankwacin wannan ba, kaifi zai dame ka.

Mai tambaya: Na gode Baba. Saurin na daidaita shi, matatar ce ban sa ba.

Injiniya: Ƙanena, ni dai na ce ka rushe. Babu muryar da aka naɗe a cikin aisin nan. Abin da ke cikin ROM ɗinsa, wato ma'adanar bayanansa, mai kilobayit 2 umarni ne: ƙarfin sauti kaza, tazarar bugu kaza, maimaita sau kaza, ga lambobin matata. In wasali ne, bugu yake saki a kai a kai. In irin su SS ko SH ne, tazarar ta zama sifiri, sai ya saki shuuu. Duka biyun suna ratsa ƙananan matatu shida a jere, su ke yin aikin da baki da maƙogwaro suke yi. Tunda daga nan sautin ke gudana, babu wurin ɗinki. Kai kuwa yanka-yanka kake liƙawa, shi ya sa kake jin ƙas.

Aikin bai kai yadda kake tsoro ba. Joseph Zbiciak ya riga ya warware shi a jzIntv, manhajarsa mai kwaikwayon na'urar wasa ta Intellivision, saboda Intellivoice na 1982, na'urar maganarta mai irin aisin nan, kuma a kan aikinsa aka gina na MAME, manhajar kwaikwayon tsofaffin na'urori. Karanta fayil ɗin sp0256 da ke can. Ka lura lambobin matata ba kai tsaye ake amfani da su ba, sai sun bi ta wani jadawali. Kuma bit-bit ake karanta ROM ɗin, wasu kwafin da ke yawo an juya jerin bit ɗin kowane bayit. In ka ji shirme zalla, nan za ka fara zargi.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta: Yaya Injiniya, ai ya danganta da abin da yake so. In wasa kawai zai sa wa murya, ya ɗan lafe ƙarshen kowane gutsure cikin farkon na gaba, ƙas ɗin zai ragu sosai. Amma tambayata: zai yi Hausa?

Injiniya: Da ƙyar. Babu ɓ, ɗ, ƙ a cikin 59 ɗin, kuma kowane gutsure da tsayayyen amonsa, ga Hausa ba ta tafiya sai da karin sama da na ƙasa. Sai dai wanda ya kwaikwayi matatar yana iya taɓa tazarar bugun da kansa, murya ta hau ta sauka. Mai jera naɗaɗɗun sauti ba shi da wannan damar cikin sauƙi.

Mai tambaya: To shi ke nan, zan bi ta matatar. Baba, ƙafafun ALD (ta shigar da lambar gutsure) da LRQ (ta nuna aisin ya shirya) fa, sai na kwaikwaye su?

Mai gyaran rediyo: In tsohuwar manhajar Spectrum za ka ɗora a kai, dole. Tana jiran aisin ya nuna ya shirya kafin ta aiko gutsure na gaba. Kuma ka rufe kowace jimla da PA1, ɗaya daga cikin shiru biyar ɗin, ko wani shirun, in ba haka ba zai yi ta jan sautin ƙarshe.